Tabarma, Buta da Kwano: Yadda Wani Ajin Nazare a Sakkwato Ya Koyi Ladabin Cin Abinci

Makarantar da wannan lamari ya faru a cikinta mai zaman kanta ce, tana yankin Mabera a cikin birnin Sakkwato, kuma ni ce ke kula da sashenta na nazare, wato azuzuwan yaran da ba su isa shiga firamare ba. Ajin da bayanin ya shafa shi ne na 'yan shekara huɗu zuwa biyar, yara ashirin da huɗu, a hannun malama ɗaya da wata dattijuwa mai taimaka mata, wadda yara da malamai duka muke kira Inna. Na ga ya dace a rubuta abin da ya gudana a ajin cikin shekarar karatu guda domin mun soma aikin a karkace, mun yi makonni muna ɗora wa yara laifin da ba nasu ba, kuma da gyara ya zo, daga inda ba mu sa ido ba ya fito.

Matsalar ta lokacin tara ce. Ko da yake sunansa tara, a wurinmu sai ƙarfe goma ake fita, kuma kafin nan yunwa ta riga ta kama yaran da aka fito da su daga gida tun bakwai da rabi. Da an kaɗa ƙararrawa kowa sai ya ruga ya ɗauko kularsa ya buɗe ta duk inda ƙafarsa ta tsaya, wani a kan littafinsa, wani a bakin ƙofa, wani kuwa yana tafe yana ci taliya na zuba a bayansa. Hannun da ya gama wasa da ƙasa shi ne zai shiga cikin shinkafa da wake. Yaro mai ƙarfi ya kai hannu gaban wanda ya raina ya ɗebi ƙosai, mai ƙosan ya fashe da kuka, malama ta bar wanda take buɗe wa gora ta tafi rabon faɗa, kafin ta juyo an kifar da kunu. Bayan an koma karatu Inna takan daɗe tana shara da goge manja a kan tebura. Abin da ya sa muka zauna a kan maganar shi ne koken wata uwa, wadda ta ce kullum 'yarta tana komawa gida da kula wayam amma tana kukan yunwa, alhali ta san abin da ta zuba mata da safe.

Shawarar farko da muka yanke ita ce a koya wa yaran shirya tebur kamar yadda ake gani a littattafan koyar da ƙananan yara da ake shigowa da su daga waje. Tunanin yana da asali mai kyau. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Roma a 1907, ta sanya ayyukan gida irin su zuba ruwa da shara da jera kwanukan abinci a cikin darussan yau da kullum, saboda ta lura cewa yaro yana natsuwa idan aka ba shi aiki na gaske da kayan da suka yi daidai da hannunsa. Ita ma manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta lissafa koyar da kyawawan ɗabi'u, musamman na kiwon lafiya, a cikin dalilan kafa ajin share fagen firamare. Da wannan hujja muka sayo farantai da kofuna da cokula da wuƙaƙen roba, muka yanka kwali muka zana wa kowane yaro wurinsa: faranti a tsakiya, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa da cokali a dama, kofi a sama. Aka ware safiyar Laraba domin darasin.

Yaran sun iya darasin, kuma wannan ne ya daɗe yana ruɗa mu. Cikin mako biyu mafi yawansu suna ɗora kowane abu a kan zanensa ba kuskure, har muka ɗauki hotuna muka tura wa iyaye a zauren WhatsApp na ajin. Amma da an kaɗa ƙararrawar tara, ko a ranar Larabar ce, sai a koma gidan jiya. A wurinsu jera faranti wasa ne irin na jera tubalan roba, ba shi da wata alaƙa da masar da ke cikin kula, tunda farantin babu komai a cikinsa kuma ba a taɓa ci a kansa ba. Da muka gwada haɗa darasin da abinci na gaske sai wasu matsalolin suka ɓullo. Ɗanwake da dambu da masa ba su buƙatar wuƙa. Teburan ajin na rubutu ne, ba sa ɗaukar faranti da kofi na yara uku a jere ba tare da gwiwar hannun wani ta ture kofin wani ba. Mafi girma kuma, wani yaro ya ɗauki cokali mai yatsu daga gefen da aka zana masa, ya riƙe shi ya tsaya yana kallon malama, sannan ya ce, “Malama, Malam na Islamiyya ya ce ba a ci da hagu.” Gaskiyarsa ce. Tsarin da muka kwafo an gina shi ne a kan cewa mai ci zai riƙe wuƙa a dama ya kai loma baki da hagu, mu kuwa muka zana shi a kwali muka miƙa wa yaran da ake koya wa akasin haka tun ba su iya magana ba.

A mako na shida malamar ajin ta kwanta rashin lafiya, ni kuma ina wani aji, sai tara ta riski Inna ita kaɗai da yara. Ba ta tsaya neman kwalaye ba. Ta ɗauko tabarmi biyu da ke jingine a ofis ta shimfiɗa a inuwar dogon yaron da ke tsakar makaranta, ta cika buta, ta zauna a bakin tabarma ta ce kowa ya tuɓe takalmi ya zo ta zuba masa ruwa. Lokacin da na leƙo, yaran sun yi da'ira da kansu, sun tanƙwashe ƙafafu, kowa da kularsa a gabansa, babu mai gudu, wata yarinya ma tana matsawa domin ƙawarta ta sami wuri. Hayaniya tana nan, amma irin ta tsakar gida ce. Da na tambayi Inna yadda ta yi, sai ta ce, “Malama, ɗiyan ga sun iya cin abinci, ai gida sunka hito. Makarantar dai ba su ɗauke ta wurin ci ba.”

Wannan magana ta sa na koma na sake duban abin da muka aro. Yaran San Lorenzo a tebur ake ci a gidajensu, shi ya sa aka koya musu shirya tebur, kuma abin nufi shi ne yaro ya ƙware a hidimar da yake ganin manya suna yi a gidansu har a riƙa dogara da shi a kanta. Mu mun ɗauko teburin mun baro manufar. A taron iyaye na tsakiyar zango muka tambayi yadda ake cin abinci a gida, amsar kuwa kusan ɗaya ce: a shimfiɗa tabarma ko ledar cin abinci, a zuba wa yara a tire ɗaya ko a raba maza daban mata daban, maigida ya ci a ɗakinsa ko a fitar masa ƙofar gida inda ake ciyayya da maƙwabta. Har gidajen da ke da teburin cin abinci a falo sun ce sai an yi baƙi ake hawansa. Muka kuma tarar da cewa yaran sun riga sun sha jin dokoki: ƙarami ba ya riga babba sa hannu, ba a ɗaukar nama sai an raba, ba a bin lomar mutum da kallo, ba a tashi da abinci a hannu.

Ginshiƙin da muka ɗora sabon tsarin a kansa hadisi ne da kusan kowane gida ya sani, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Umar ɗan Abu Salama. Ya ce yana yaro a hannun Manzon Allah (SAW), hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci daga abin da ke gabansa. A matsayina na mai koyar da ƙananan yara, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka yi koyarwar: umarni uku ne gajeru, an faɗe su ana cikin cin abincin, ga kwano ga hannu, babu duka babu kunyatarwa. Darasinmu na Laraba kuwa dokokinsa sun yi yawa, kuma mun raba shi da lokacin ci.

Muka raba ajin gida huɗu, yara shida a kowace tabarma, kowane ɗaya da aikinsa na ranar: biyu su ɗauko tabarma su shimfiɗa su ɗora leda a tsakiya, ɗaya ya jera kwanuka, ɗaya kofuna da cokula, ɗaya ya riƙe buta, ɗaya ya yi shara bayan an tashi, gobe kuma aiki ya zagaya. Ba mu kawo su a lokaci guda ba. Makon farko tabarma ce kawai da jera takalma, na biyu aka ƙara wanke hannu, na uku kwanuka, haka har aka cika. Duk sabon aiki malama takan yi shi a gabansu a hankali ba tare da yawan bayani ba, domin ɗan shekara huɗu idan ana magana bakin mai maganar yake kallo, ya bar hannun da ake son ya gani.

A wurin jera kwanuka ne muka tsinci wani amfani da ba shi muka fita nema ba. Akwai yara a ajin da ke rera ƙidaya har ashirin da Hausa da Turanci, amma idan aka ce su ɗauko kwanukan tabarmarsu sai su rungumo duk abin da hannu ya iya ɗauka, domin rera lambobi daban yake da sanin cewa kowane mutum ɗaya kwano ɗaya ne nasa. Wata yarinya mai natsuwa ta tsaya a kan 'yan tabarmarta tana taɓa kawunansu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga biyar, ta je ta ɗauko kwano biyar ta jera, ta zauna, sai ta ga gabanta babu komai. Ta duba ƙarƙashin leda, ta duba bayanta, sannan ta ce, “Malama, kwano guda ya ɓace.” Malamar ba ta gaya mata amsa ba, ta dai ce ta sake ƙirgawa da ƙarfi. Ta sake taɓa kawuna biyar, ta yi shiru, can sai ta ɗora yatsa a ƙirjinta ta ce, “Shidda.” Daga ranar ita ce ta riƙa tuna wa sauran masu aikin kwanuka kada su mance da kansu.

Wanke hannu shi ne wurin da muka ƙi bin al'adar gida yadda take. A gidaje da yawa kwano ɗaya ake cikawa da ruwa kowa ya tsoma hannu, babba ya fara ƙarami ya ƙare, na ƙarshe ke nan da dattin kowa yake wanke nasa. Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa, kuma irin waɗannan cututtuka ta ruwa da hannu suke bi su shiga baki. Saboda haka muka tsaya a kan ruwa mai zuba: mai buta ya zuba, mai wanki ya shafa sabulu ya cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu na kimanin daƙiƙa 20, a sake zuba masa ya ɗauraye a kan baho. Inna ce ta dage cewa butocin abinci su bambanta da na bayi, aka ɗaura musu jan zare, kuma ita ce ta gano cewa buta cike ta fi ƙarfin ɗan shekara huɗu, sai a zuba mata rabi. Tawul ɗaya na kowa da kowa mun soke shi, yara su yarfe hannu kawai, iskar Sakkwato ba ta barin danshi ya daɗe. Rigimar wa za a fara zuba wa kuma a hadisin Anas muka sami maganinta, inda aka miƙa abin sha ga na dama sannan na damansa. Mai buta ya fara da wanda ke damansa ya zagaya, kuma tunda mai buta kullum sauyawa yake yi, na farko ma yana sauyawa.

Lamarin da ya fi buƙatar haƙuri shi ne na wani yaro bahago. Kusan mutum ɗaya cikin goma haka aka halicce shi, kuma a waɗannan shekaru hannun da yaro ya fi sabawa da shi ya riga ya soma bayyana. Yaron nan da an zauna sai ya ɓoye hannuwansa biyu a tsakanin cinyoyinsa ya ƙi ci, daga baya muka gane cewa a gida duk sanda ya kai hagu cikin kwano sai an buge hannun. Na nemi ganin mahaifinsa na ce masa, “Alhaji, mu ma da dama muke son ya ci, babu saɓani a kan wannan. Amma yanzu kwanon gaba ɗaya yake tsoro. Ina roƙo a ba mu zango ɗaya ba tare da duka ba.” Ya amince, ko da yake na ga alamar bai gamsu sosai ba. Abin da muka yi kaɗan ne. Kofinsa da cokalinsa a dama ake ajiye su, Inna takan zauna ta hagunsa ta ba shi murfin kwano ya riƙe domin hannun hagu ya sami aikin yi, idan kuma ya mance sai ta taɓa gwiwar hannunsa na dama ba ta ce komai ba. Rubutu da zane mun bar shi ya yi da hagunsa, domin umarnin da muke aiki da shi ci da sha ya shafa, kuma ban ga hujjar tilasta masa a kan fensir ba. Kafin ƙarshen zango na biyu yana kai loma da dama ba a tuna masa ba, sai dai kofi, wanda idan ya gaji hagu ke riga kaiwa.

Akwai kuma abin da tsarin ya tono, wanda hargitsin baya ya daɗe yana rufewa. Lokacin da kowa ke ci a tsaye ko a guje, babu wanda ya san abin da ke cikin kular wani. Da aka zauna a da'ira sai komai ya fito fili: ga mai soyayyen dankalin Turawa da ƙwai a kula mai hawa biyu, ga mai gayan taliya da yaji a tsohuwar roba, ga kuma wanda bai zo da komai ba. Wata yarinya marainiya, wadda wani ɗan'uwa ke biya wa kuɗin makaranta, ta fara janye jikinta. Da an ɗauko tabarma sai ta ce za ta bayi, ta daɗe a can, idan an kira ta ta ce ta ƙoshi. Ranar da na zauna kusa da ita na ga ta rufe bakin robarta da tafin hannu ɗaya tana ɗiba ta ƙarƙashinsa, sai na fahimci cewa mu ne muka jefa ta cikin wannan kunya, kuma duk ladabin da za a koyar a kan tabarmar da ke tozarta ɗaya daga cikin masu zama a kanta ba shi da daraja a wurina.

Wasu malamai sun ba da shawarar a juye abincin kowa a tire ɗaya a ci tare kamar a gida. Shawarar ta dace da al'ada, amma ba ta yiwu ba, domin akwai iyayen da ba su yarda ɗansu ya ci girkin gidan da ba su sani ba, akwai yaron da jikinsa ba ya son gyaɗa, kuma hannuwa shida na yara masu mura a tire ɗaya za su warware abin da muka ɗaure a wurin wanke hannu. Abin da muka tsaya a kansa shi ne kuloli su daina zuwa kan tabarma. Kowa ya ajiye tasa a kan kanta tun da safe, lokacin tara mai kwanuka ya ƙirgo kwanukan silba shida iri ɗaya ya kai wa malama da Inna, su juye abincin kowane yaro su rufe, shi kuma ya dawo ya ajiye wa kowa nasa bisa ga hoton da aka manna a murfi. A wannan juyewar ce Inna ke ƙara wa kwanon da ya yi ƙasa, ko ta cika wanda ba a kawo masa komai ba, tana ba yara baya. Muka kuma sa faranti ɗaya a tsakiyar kowace leda, yawanci masa ko dafaffen dankali, wanda kowa zai ɗauki na gabansa, mai hali da marar hali, har da malama. Sannan muka ƙara doka ta huɗu a kan ukun farko, cewa ba a kushe abinci, naka ko na wani, bisa ga ruwayar Abu Huraira cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in ya so shi ya ci, in bai so ba ya bari. Yarinyar ta ɗauki kusan wata guda kafin ta daina fakewa da bayi. Ranar da aikin buta ya zagayo kanta ta zuba wa kowa ruwa a natse, ta dawo ta buɗe kwanonta a fili.

Mun sami saɓani a tsakaninmu a kan magana. Inna da malamar ajin sun tashi a kan cewa ba a magana ana cin abinci, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, wato tsoron kada abinci ya sarƙe yaro. Ni kuwa ina ganin zaman tabarma yana cikin 'yan lokutan da yaro ke koyon cewa “miƙo mini” da “na gode” da yi wa wanda ya iso bismilla. Muka daidaita a kan cewa ba a magana da loma a baki, ba a kira daga wannan tabarma zuwa waccan, amma hira a hankali da na kusa babu laifi. Haɗarin shaƙewa kuma muka tare shi ta inda ya fi zuwa, aka roƙi iyaye su daina sako gyaɗa mai ƙwaya da aya da alewa mai tauri, dabino kuma a cire masa ƙwallo.

Daga ɓangaren iyaye, ƙorafin da ya fi nauyi na wata Hajiya ne, ma'aikaciya, wadda ta ce ita hotunan tebur ne suka burge ta, kuma tana biyan kuɗi ne domin kada wata rana ɗanta ya je Abuja ko wata ƙasa a ajiye masa cokali mai yatsu ya rasa yadda zai yi. Ban ɗauki maganarta da wasa ba, domin yaran nan za su shiga wuraren da iyayensu ba su shiga ba, kuma haƙƙinsu ne su shiga ba tare da jin kunya ba. Na roƙe ta ta ba mu lokaci. A zango na uku muka dawo da tebur, ranar Alhamis kawai, da abinci na gaske, faranti a tsakiya, kofi da cokali da cokali mai yatsu duk a dama, wuƙa kuwa muka bar ta sai sun girma. Abin da ya gagara cikin mako shida a farkon shekara ya zauna cikin Alhamis biyu, saboda yaran sun riga sun san jerin aikin, daga shirya wuri da ƙirga mutane da wanke hannu, zuwa jiran kowa ya zauna, da bismilla, da kwashe kwanuka da shara. Wurin zama ne kawai ya sauya musu.

Zuwa ƙarshen shekara sharar bayan tara ta koma hannun yara, Inna tana bi ne kawai ta gyara, ƙwacen abinci ya tsaya, kuma uwar da kokenta ya tayar da maganar ta ce 'yarta tana dawowa a ƙoshe. Iyaye da dama sun ba da labarin yadda yaransu ke rigima sai su ne za su shimfiɗa leda da dare. Wani sakamakon kuwa sai da muka gyara shi. Wani yaro ya ce wa kakansa a gaban baƙi, “Baba, ba ka yi bismilla ba,” uwar ta zo washegari ranta a ɓace, kuma tana da gaskiya, domin ladabin da zai sa yaro ya gyara wa kakansa a bainar jama'a ya ci karo da wani ladabin da ya fi shi girma. Muka koya musu cewa kowa tasa bismillar zai yi, ya ɗan ɗaga murya, wanda ya manta zai ji ya tuna, idan kuma shi ne ya manta sai ya ce bismillahi awwalahu wa ahirahu ya ci gaba.

Ba komai ne ya zauna ba. Bayan kowane dogon hutu sai mun yi kusan mako guda muna tashi daga farko, musamman a wanke hannu da sabulu. Da hunturu ƙura takan kore mu daga gindin dogon yaro zuwa cikin aji, inda sai an ture tebura kafin tabarmi huɗu su shiga. Da muka gwada tsarin a ajin 'yan shekara uku ya yi musu yawa, sai muka tsaya a kan jera takalma da wanke hannu da zama har a gama. Babbar matsalar da ta rage ita ce kuɗin farantin tsakiya da na cika kwanon da ya zo wayam. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016 an tsara shi ne domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, bai shafi nazare ko makaranta mai zaman kanta ba. A shekarar da ta wuce malamai da wasu 'yan iyaye ne suka ɗauki nauyin daga aljihunsu, abin da ba za a iya dogara da shi kullum ba. Na rubuta wa hukumar makarantar cewa a sanya wannan kuɗi cikin kasafin kowane zango kamar yadda ake sanya alli da sabulu, ba tare da an bayyana wa kowa sunan yaron da ake cika wa kwano ba, kuma an ce za a duba takardar a zaman farko na sabon zango.